Ranar Da Na Sa Hannu

Ni mutumin Kiyawa ne, a ƙasar Dutse. Manomi ne ni, ɗan manomi, kuma ko bihim ban sani ba a boko sai da na yi aure na haifi 'ya'ya biyu. A zamanin Gwamna Abubakar Rimi, sa'ad da mu ke cikin Jihar Kano tukuna, aka kafa hukumar ilmin manya a 1980, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci gari-gari. Na shiga. Muna zama bisa tabarma bayan la'asar, malaminmu kuwa yaro ne wanda na girme shi. Ran da na fara rubuta sunana a takardar karɓar taki maimakon dangwala yatsa, da ƙyar na yi barci don murna. Ku da kuka yi irin wannan aji kun san daɗin da na ke faɗi. To, labarin da zan ba ku na wata rana ce dabam da na sa hannu, wadda na yi shekaru ina juya ta a zuciyata.

Mu bakwai ne wurin mahaifiyarmu. Ni ne babba, ita ce ƙarama, saboda haka Auta mu ke ce mata har yau da ta ke da jikoki. Da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, sai na dawo da ita gidana, na yanka mata sashe. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyada, yara suna kai mata kasuwar Shuwarin. Mace ce mai ƙwazo, ba ta san kwanciyar rana ba.

A daminar 2016, tana da shekara 46, ta fara ganin jini ba a lokacin da mata suka saba ganinsa ba. Ba ni ta gaya wa ba, gama ba maganar da ƙanwa ke yi da wanta ba ce. Wata ungozoma maƙwabciyarmu ta gaya wa, ita kuwa, Allah ya saka mata, ta tsaya kai da fata sai an je asibiti. Muka je Dutse, asibitin Rasheed Shekoni, aka duba ta, aka ba mu takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can aka tsinki ɗan nama kamar ƙwayar gero aka kai awo. Bayan mako biyu likita ya kira mu ya ce ciwon daji ne na bakin mahaifa.

Bari in bayyana abin kamar yadda aka bayyana mini. Mahaifa kamar gora ce a kife, wuyanta yana ƙasa. A wuyan nan ciwon ke farawa. Mafarinsa wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, wadda ke bi tsakanin namiji da mace wajen saduwa. Yawancin mutane sukan ɗauke ta a rayuwarsu, jiki ya kashe ta ba su ma sani ba. Amma a jikin waɗansu mata takan maƙale shekara 10, ko 20, tana ɓata naman wurin a hankali har ya zama daji. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano haka, har aka ba shi lambar Nobel a 2008. Ina so maza su ji wannan da kyau: matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Ba abin zargi ba ne. Na faɗi haka domin na ji abin da aka riƙa faɗi a unguwarmu, ban kuwa ji daɗinsa ba.

Likitan ya ce mana mun yi sa'a. Ya ce yawancin matan da ake kawo musu sai ciwon ya ci ya cinye a ke zuwa, amma na Auta bai wuce bakin mahaifa ba, girmansa kamar ɗan goro ƙarami. Maganinsa a buɗe ciki daga cibiya zuwa ƙasa, a cire mahaifa ɗungum da naman da ke kewaye da ita, da kaluluwar da ke cikin ƙugu. Ya ce aiki ne tsoho, wani likitan Ostiriya mai suna Wertheim ya fara shi tun 1898, an kuwa san kansa. Auta ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Da muka fito na ga hannunta yana rawa.

Babban ɗanta yaron shago ne a Kantin Kwari. Shi ya zo da labarin da ya ji wurin ubangidansa, cewa a Misra an daina yanka mutane kamar raguna. Wai huji ake yi ƙanana, a yi aikin ta ciki, mutum ya tashi bayan kwana biyu. Ya kawo wata takarda mai hotuna, an buga ta da Turanci da Larabci. Na sa tabarau na yi ta kallonta. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na ga hoton mace tana murmushi, na ga hoton ciki da ɗigo huɗu, kusa da hoton wani cikin da dogon tabo kamar kunyar gona. Wa zai ga haka ya zaɓi kunyar gona? Na ce a raina, mu da muka yi karatu ai ba ma tsayawa kan tsohon yayi. Na sayar da shanun huɗata biyu da gonar da ke bakin fadama, 'yan'uwa suka taimaka, ubangidan yaron ya cika mana. A watan Nuwamba muka tashi daga Kano sai Alƙahira.

Gaskiya aikin abin mamaki ne, ba kuwa zan rage masa kome ba. Ana huda ciki wuri huɗu ko biyar, kowane huji faɗinsa bai fi na ɗan yatsa ba. Turawa ma da kafar makulli su ke kwatanta shi. Sai a hura iska cikin ya kumbura kamar salka, domin a sami fili. A zura wani ɗan bututu mai fitila da kyamara ta huji ɗaya, a zura dogayen almakasai da hantsaki ta sauran, likita yana kallon allo kamar na talabijin yana aiki. In an gama sai a fitar da mahaifar ta hanyar haihuwa. Wani ɗalibi Bahaushe mai karatu a Azhar shi ya yi mana tafinta. Aka kawo takardar yarda. Likita ya tambayi Auta, ta ce, "Abin da Yaya ya gani shi ke nan." Ta dangwala yatsa, ni kuwa na zaro alƙalamina daga aljihu na rubuta sunana cikakke, har da 'yar lanƙwasa a ƙarshe. Tambaya ɗaya tak na yi: yaushe za ta tashi? Ban tambayi kome game da shekara mai zuwa ba, balle wadda ke bayanta.

Kwana uku aka sallame ta. Da muka dawo Kiyawa gidan ya cika da 'yan barka, mata suna shiga ɗaki suna fitowa riƙe da haɓa. Kafin wata biyu ta koma bakin turminta. Ni kuwa a majalisa ba wanda ya isa ya ja da ni a kan sha'anin asibiti.

An gaya mana ta riƙa zuwa Kano ana duba ta kowane wata uku ko huɗu har shekara biyu, sa'an nan kowane wata shida har a cika shekara biyar, domin in ciwon zai dawo, galibi cikin shekara biyu ko ukun farko ya kan dawo. Mun je sau biyu. Na uku ya faɗo a tsakiyar noma, na huɗu ba kuɗin mota. Daga nan muka shashantar. A nan ina ganin ƙanƙantar tabon ta yaudare mu. Da dogon tabo ne, wanda ta ke gani kullum in za ta yi wanka, da ya riƙa tuna mana cewa babban abu ya faru. Ɗigo huɗu kuwa kamar cizon sauro, har mutum ya manta.

A daminar 2018 ta fara ciwon ƙugu, yana sauka ƙafar hagu. Ta ce sanyi ne. Aka jiƙa saiwoyi, aka sayi ƙwayoyi a kemis. Ƙafar ta soma kumburi, ita kuma tana ramewa. Jinin ma ashe ya dawo, da wani ruwa mai wari, ta ɓoye har wata huɗu. Sai da aka gama kaka, a watan Disamba, muka koma Kano. Aka yi hoto, aka sake tsinkar nama. Ciwon ya dawo, a daidai wurin da aka ɗinke.

Likitan da ya gan mu ba tsoho ba ne, bai fi sa'an ɗana na fari ba. Ya duba takardun Misra ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Baba, da irin na huji aka yi mata?" Na ce i, har da ɗan alfahari a muryata, ko a lokacin. Ya yi shiru kaɗan. Ya ce, "Akwai labarin da ya iso mana bai fi wata biyu ba. Tun da kai ne babba, gara ka ji shi."

Ga abin da ya gaya mini, na kuwa sa jikana ɗan makarantar koyon jinya ya nemo mini daga baya ya fassara mini dalla-dalla, har na rubuta lissafin a littafina. Tun cikin shekarun 1990 aka fara yi wa masu wannan ciwo aikin huji, ya bazu a duniya, kowa yana ganin ya fi. Jini kaɗan ke zuba, kwanan asibiti kaɗan. Amma ba a taɓa aza su biyun bisa ma'auni ɗaya ba. Sai wani likita a birnin Houston na Amurka, Pedro Ramirez, da abokan aikinsa suka shirya gwaji a 2008, a asibitoci 33 na ƙasashe dabam-dabam. Suka sami mata 631 waɗanda ciwonsu bai yi nisa ba, irin na Auta. Da yardarsu aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, domin kada likita ya zaɓa da son ransa: 319 aikin huji, 312 buɗe ciki. Masu gwajin kansu sun ɗauka za su tabbatar da cewa duka ɗaya ne. A 2017 masu sa ido kan gwajin suka ce a dakata, mutuwa ta yi yawa a gefe guda. Da aka buga sakamakon a ƙarshen Oktoba 2018, a wata mujallar likitoci ta Amurka, sai ga shi ciwon ya dawo wa mata 27 cikin masu huji, 7 cikin waɗanda aka buɗe. Waɗanda suka rasu 19 ne a nan, 3 a can. In an ƙiyasta bisa mata 100, bayan shekara huɗu da rabi, 86 ke nan lafiya ba ciwon cikin masu huji, amma cikin waɗanda aka buɗe 96 ne har da ɗoriya. A rana guda aka buga wani binciken na takardun mata 2,461 a Amurka, shi ma ya nuna haka: cikin shekara huɗu, kimanin 9 cikin 100 na masu huji sun rasu, na buɗe ciki kuwa kimanin 5.

Na ce, "Likita, to me ya kawo haka? Ba mahaifar aka cire duka ba?"

Ya ɗauki takarda ya zana mini. Ya ce abubuwan da likitoci ke tuhuma uku ne. Akwai wani ƙarfe da a ke sawa ta ƙasa a riƙe mahaifa ana juya ta, yana kuwa gugar ciwon, yana iya farfasa shi. Akwai yanke mahaifar da a ke yi daga ciki, wanda ke sa ciwon ya buɗe a cikin ciki kafin a fitar da shi. Akwai kuma iskar nan da a ke hurawa, wadda mai yiwuwa tana ɗaukar ƙwayoyin ciwon tana watsawa. Nan take na gane, gama ni manomi ne. Wanda ya taɓa cire ƙuduji a gonar gero ya san in ka fizge shi bayan ya yi 'ya'ya, ka kaɗa shi a iska, ka yi shuka ne ba cira ba. Irin da ido ba ya gani shi ke tsirowa baɗi.

Akwai wani abu da ya ƙara ƙona mini rai. Masu gwajin sun bi matan suna tambayarsu yadda su ke ji a jikinsu. Bayan mako shida ba wani bambanci tsakanin wadda aka huda da wadda aka buɗe. Watau abin da na sayar da gona na saya, sauƙin 'yan makonni ne.

Na fita waje na zauna gindin wata darbejiya. Ban san hawaye na zuba ba sai da na ji gishiri a bakina. Likitan ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Baba, kada ka ɗora wa kanka abin da ba naka ba. A 2016 manyan likitocin duniya abin da su ke yi ke nan, da kyakkyawar niyya. Waɗanda suka yi mata ba su cuce ku ba. Kuma ka tuna ko cikin waɗanda aka buɗe ya dawo wa 7. Ba mai iya rantsuwa cewa hujin ne ya jawo na Hajiya." Maganarsa gaskiya ce, na sani. Amma akwai abin da bai faɗa ba don kara, ni kuwa na faɗa wa kaina: zuwa dubawar nan da muka bari ba likitan Misra ya hana mu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin huji mugun abu ne ko'ina. Ana yinsa don matsarmama, da kumburin 'yar hanji, da cututtuka masu yawa na mata, yana kuwa da kyau ƙwarai. Har dajin da ke kama cikin mahaifa kanta, ba bakinta ba, an gwada an ga huji ba ya ƙara haɗari. A wannan ciwon ne na bakin mahaifa aka sami akasi, shi ya sa tun daga 2019 manyan ƙungiyoyin likitoci a Amurka da Turai suka koma cewa buɗe ciki shi ne hanya. Waɗansu likitoci sun gyara dabarar, sun bar ƙarfen nan, suna rufe ciwon kafin su yanke, an kuma shirya sababbin gwaje-gwaje a kai. Abin da ya burge ni shi ne, mutanen da suka yi suna da wannan aiki su ne suka auna shi, suka ga ya gaza, suka fito suka faɗa wa duniya da bakinsu. Na san dattawa da yawa a majalisarmu da ba za su iya haka ba, ni ma ina ciki.

Tun da ba a taɓa yi wa Auta gashi ba, likita ya ce akwai sauran dama. Aka tura mu Abuja. Mako biyar ana gasa wurin da na'ura, kwana biyar kowane mako, ana kuma ƙara mata ruwan magani sau ɗaya a mako, sa'an nan aka yi wani gashin daga ciki. Mun sauka wurin wani ɗan garinmu mai gadi. Ba zan tsaya ba da labarin wahalar ba, da amai, da gudawa, da kuɗin da aka ci bashi. Sauran gonar tudu ma rabinta ya tafi.

Wani dare a can, tana kwance ina zaune bakin ƙofa, na ce, "Auta, ki yafe mini. Ni na kai ki, ni na sa hannu."

Ta daɗe ba ta amsa ba, har na zaci ta yi barci. Can ta ce, "Yaya, kana tsammani da ka ce a yanka ni zan yarda? Tun a Kano na ƙudura in dai wuƙa ce gara in koma gida in mutu. Ni na aiki yaron nan ya nemo labarin Misra. Kai dai ka biya." Ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Jinin ma da ya dawo, kunyar gonarka da ka sayar ta hana ni faɗi."

Shekara biyu ina ɗauka ni na yanke shawara, ashe ban ma san abin da ke zuciyar mai ciwon ba, domin ban taɓa zaunar da ita na tambaye ta ba. Da na tambaya, da wataƙila likitan Kano ya sami hanyar kwantar mata da hankali tun farko. Wataƙila kuma da ba ta yarda ba. Allah ne masani.

Auta tana nan da ranta. Ƙafar hagu ba ta saɓe duka ba, ba ta kuma iya daka kamar da, jikokinta ke yi tana tsaye a kansu tana faɗa. Ta cika shekara biyar bayan gashin a 2024. Daga ranar da muka dawo Abuja ba mu sake tsallake ranar dubawa ko ɗaya ba, na rubuta su a bangon ɗakina da alli.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu. Yawancinsu ba su kai ga zaɓi tsakanin huji da yanka ba, domin sun zo a makare. Alhali akwai awon da a ke yi wa mace mai lafiya, na 'yan mintoci, wanda ke gano wurin tun bai zama daji ba, a kashe shi nan take. A ranar 24 ga Oktoba 2023 kuma gwamnati ta fara allurar rigakafin HPV kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, Jigawa kuwa tana cikin jihohin farko. Da labarin ya iso Kiyawa sai raɗe-raɗi ya tashi, wai ta hana haihuwa ce. Waɗansu iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta a makon.

Ina zaune a zaure da hantsi sai ga Auta ta fito da mayafinta, tana jan ƙafa, ta riƙo jikokinta mata biyu da tawa ɗaya. Na ce, "Ina zuwa?" Ta ce, "Wurin allura." Na ce ta bari in kai su. Ta ce a'a, akwai gidaje uku da za ta biya tukuna, tana da abin da za ta nuna wa matan a ɗaka.

Da azahar suka dawo, yaran bakwai ne ba uku ba, kowace tana riƙe da ɗan kati. Ta tattara na gidanmu ta miƙo mini. Ta ce, "Yaya, karanta mini abin da aka rubuta. Duka fa, har na ƙasan." Na sa tabarau na karanta mata. Inda Turanci ya fi ƙarfina na aika aka kira jikana.